Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daƙiƙa 8 a Bayan Sa

Makon jiya na tsaya a inda na kama aiki a shagon naman halal a Houston, da rana makaranta, da yamma wuƙa. Wanda ya biyo ni tun kashi na farko ya san ni ɗan rundawa ne gaba da baya, don haka aikin bai zame min baƙo ba.

A watan Maris na 2017 abokin aikina ɗan Meziko, wanda muke daddatsa nama a tebur ɗaya, ya matsa sai ya kai ni kallon rodiyo, wato wasan makiyayan Amurka. Na Houston tun shekarun 1930 ake yin sa, kuma yakan ɗauki kusan mako 3 duk shekara. Tun kafin mu shiga filin NRG, wanda ke cin mutum sama da 70,000, hancina ya riga ni isa gida. Warin kashin shanu da ciyawa da ƙura, sak karar Wudil ranar Juma'a. Na tsaya cak ina shaƙa, har abokina ya juyo ya tambaye ni ko lafiya.

An yi sukuwa, an yi jifan maruƙa da igiya, duk na kalla sama-sama. Da aka zo hawan sa kuwa sai na ga na miƙe tsaye ban sani ba.

Ana tura bijimin cikin wani ɗan keji na ƙarfe wanda ba zai iya juyawa a ciki ba. Mahayi ya sauko a hankali ya zauna a bayan tozo. An zagaye ƙirjin san da saƙaƙƙiyar igiya mai ƙararrawa a ƙasa, shi kuma ya goge ta da danƙo har ta yi zafi, ya cusa hannu ɗaya mai safar fata, ya naɗe ragowar a tafinsa. Ba a ɗaure ta, riƙonsa ne kawai ƙullin. Sai ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ita ce izini, ƙofa ta wangale, dabbar da ta haura kilo 700 ta fito tana tashi sama da ƙafa huɗu, tana watsa ƙafafun baya, tana juyi kamar guguwa. Abin da ake nema a wurin mahayin ya yi daƙiƙa 8 a kai. Ɗaya hannun yana sama, in ya taɓa san ko jikinsa da shi, ya faɗi. Maki 100 ne, rabi na mahayi, rabi na sa, domin su ma shanun suna da suna, ana kiwonsu musamman don wannan tsalle. Yawancin waɗanda suka hau a daren nan ba su kai ba. Wani hannunsa ya maƙale a igiya bayan ya zame, san ya riƙa jan sa yana yarfawa kamar tsumma, sai da mutanen nan masu shiga gaban sa su ɗauke masa hankali suka faɗa suka kwance shi.

Ni kuwa Baba nake gani.

Baba ya yi hawan ƙaho a samartakarsa. Ban riski lokacin ba, amma na ga na ƙannensa a jajibirin sallah: a ɗauro bijimi da igiya a wuya da ƙafar baya, samari su rirriƙe, mai kalangu ya kama taken gidanmu, ɗan wasa ya fito da warki da layu yana kirari har jikinsa ya ɗauki tsuma, sannan ya tunkari san gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonni ya rungume wuya. San ya yi ta ɗaga shi yana girgizawa, mata na guɗa. Ina ɗan shekara 15 na ce wa Baba ni ma ina so. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga rigarsa ya nuna min tabon da ke ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, ramin da babban yatsa zai shige, ya sauke rigar ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Maganar ba ta sake tashi ba, amma kwaɗayin bai mutu ba. A filin nan na Houston na gane yana nan daram.

Bayan mako 2 muka je wata 'yar kasuwar wasanni a bayan gari, a nan na ga san inji. Gangar ƙarfe ce an lulluɓe da fata, da kan roba, an kafa ta a tsakiyar katifar iska, wani mutum yana gefe da akwatin maɓallai yana sarrafa ta. Asali don horar da mahaya aka ƙera irinsa, sai wani gidan rawa mai suna Gilley's a Pasadena, nan kusa da Houston, ya sa ya yi tashe wajen 1980, har ya bazu duniya. Aka miƙo min takarda cewa duk abin da ya same ni ruwana ne. Na sa hannu ban karanta ba.

Ba zan ɓoye muku ba, hawan farko ya yi daɗi, daɗin da har yau ban sami irinsa ba. Injin ya sunkuya gaba, na kwanta baya. Ya ɗaga, na matso. Cinyoyina suka gano abin da za su yi tun kafin kaina ya gane. Fitilu suka zama zare ɗaya, ihun mutane ya koma can nesa, kuma wallahi kalangu nake ji a kunnena. Na ji jinin gidanmu yana gudu a jikina. Da injin ya tsaya ina kai, na sauko ƙafafuna na rawa ina dariya.

Na sake biya, na yi wa mai maɓallan alama da hannu ya ƙara wuta. Ya ƙara. Ya juya ni dama sau biyu, jikina ya saba da damar, sai ya finciko hagu. Igiyar ta kuɓuce. Ina cikin iska na miƙa hannun dama don in tare ƙasa, abin da duk mahayi ya san ba a yi. Na sauka a kan tafin hannu a bakin katifar, nauyina duka ya bi ta kai. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Zafin bai zo nan take ba. Na dubi wuyan hannun na ga ya lanƙwashe ta inda bai kamata ba, sannan amai ya taso min.

A asibiti suka ja ƙashin suka mayar, suka sa min siminti daga yatsu zuwa gwiwar hannu, suka ce mako 6. A gida da maɗorin unguwarmu za a kira, a ba shi abin goro. A nan takardar kuɗin da ta biyo baya ta cinye duk abin da na tara tun zuwana.

Abokina ya zo duba ni da abinci, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya ture ni. Shi ya ba ni labarin Lane Frost, zakaran duniya a hawan sa na 1987. Ranar 30 ga Yuli 1989, a Cheyenne ta jihar Wyoming, ya cika daƙiƙa 8 ɗinsa lafiya, ya diro cikin taɓo, san ya juyo ya doke shi da ƙaho a baya. Haƙarƙari ya karye ya yi ɓarna a ciki. Ya miƙe, ya yi alamar neman taimako, ya faɗi. Shekararsa 25. Bayan rasuwarsa ne abokinsa Cody Lambert ya fito da rigar kariyar da mahaya ke sakawa yanzu. Ina saurare, hannuna mai lafiya yana dafe da ƙasan haƙarƙarina na hagu.

Kwana 4 ina juya wayar kafin na iya kiran gida. Inna ta ɗauka, ta yi salati, ta miƙa masa.

"Wane hannun?" ya ce.

"Na dama, Baba."

"Hannun wuƙa." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. "Shanun nasu, ana riƙe musu igiya?"

Na ce na gaskiyar ba a riƙewa, da an buɗe ƙofa daga shi sai Allah. Nawa kuwa inji ne, mutum ke juya shi.

"Ni an riƙe min," ya ce. "Mutum shida a igiyar baya. Na hau lafiya, na gama, na sauko ina ɗaga hannu ana guɗa. Su ma suka saki jiki suna tafi. Ban ga juyowarsa ba. Kakarka tana cikin masu guɗar nan, a gabanta aka kwashe ni a kan ƙyauren ɗaki. Wata 3 tana juya ni a tabarma." Muryarsa ta sauya, ya yi gyaran murya. Tun da nake ban taɓa jin wannan ɓangaren ba, tabon kawai na sani.

Na ce, "Ku yafe ni, Baba."

Ya ce, "Allah ya yafe mana. Ka riƙa motsa yatsun kada su sandare, kuma ka sha romon ƙashi."

Washegari da sassafe mai shagon ya kira, ya ce azumi na tafe, ciniki zai yi yawa, ba zai iya barin teburina babu kowa har mako 6 ba. Yadda muka ƙare da shi, da wanda ya biya min kuɗin haya a watan nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.