Rumbun da kowa ya ce cike yake

Makon jiya na karɓo takardar kammala digiri na biyu a fannin nazarin al'umma da al'adunta, wanda 'yan boko ke ce wa antaropoloji. Karatun shekara biyu ya ci min huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas, sauran kuwa rabi laifina ne, rabi na wani.

Aikin Polly Hill ne ya ja ni, Baturiyar Ingilar nan da ta yi bincike a Batagarawa, kusa da Katsina, littafinta ya fito a 1972. Ta nuna yadda talauci ke hana manomi noma: wanda hatsinsa ya ƙare kafin damina dole ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa ciyawa ta cinye, baɗi ma haka. Na ce bari in duba ko abin yana nan bayan shekara hamsin. Na zaɓi wani ƙauye da ba shi da nisa da Katsina.

Na shiga ta ƙofar da ta dace, wato gidan mai gari. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da yaronsa ya riƙa raka ni gida gida. Ni kuwa sai murna, ga jagora kyauta. Wata uku ina tambayar magidanta yaushe hatsinsu ke ƙarewa, kowa sai ya ce, "Alhamdulillahi, har kaka muna ci." Na cika littafi biyu da wannan alhamdulillahi, har na fara rubuta cewa zamanin Polly Hill ya wuce.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ce ta farkar da ni, ranar da yaron ya tafi ɗaurin aure. Ta ce, "Ɗan nan, kai ba Bahaushe ba ne? Wane magidanci zai ce rumbunsa ya bushe a gaban yaron mai gari, alhali yana da 'ya'ya mata da ake nema?" Ta lissafa min gidajen da matansu ke zuwa wajenta rancen tiya ɗaya ta dawa bayan magariba. Duk ina da su a littafina, a jerin masu wadata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ɗan Katsina, haifaffen cikin ganuwa, ya manta da rufin asiri.

Da na je wa malamin da ke duba aikina da maganar, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Rubuta abin da ka samo, lokaci na ƙurewa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba gaskiya ba ne." Babi na uku ya yi wata bakwai a kan teburinsa. Ban ce don haka ne ba, Allah shi ne masani. Na koma ƙauyen da kuɗin aljihuna, ni kaɗai, a lokacin da damina ta yi tsakiya, na zauna bakin gonaki maimakon zaure.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka rubuta sunan mutum na gaskiya ko da ya yarda. Ajiye muryoyin da ka ɗauka a wuri biyu. Kada ka zaci koyarwa ko gidan tarihi ne kaɗai makomarka, domin gurabensu ba su da yawa.

'Yan uwa sun sha tambayata me wannan karatu zai ciyar da ni. Tun ƙauracewa allurar shan inna ta 2003 ƙungiyoyin lafiya suka gane cewa suna buƙatar wanda zai gaya musu abin da mutane ke nufi idan sun ce "to". Ɗaya daga cikinsu ta ɗauke ni, kuma a ganawar neman aikin, babin nan na uku suka fi tambaya a kai. Litinin zan fara fita ƙauyukan wajen Daura. Na riga na roƙi direba ya riƙa ajiye motar mai tambari a bakin titi, in ƙarasa da ƙafa.