Likitan ƙwaƙwalwa daban, masanin halayyar ɗan Adam daban

A nan Damagaram, idan barci ya ƙaurace wa mutum, ko ya daina zuwa fada wurin abokansa, ko ya shiga surutai shi kaɗai, dangi kan fara da ruƙiyya da rubutun sha, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a nufi babban asibitin Zinder. A can ma da yawa ba su rarrabe ƙwararrun nan biyu.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, wanda bayan ya gama karatun likitanci ya ƙara kimanin shekara 4 na ƙwarewa. Yakan duba jiki tukuna, domin ciwon maƙoƙo ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko shan tramol na iya kama da taɓin hankali, kuma shi ke rubuta magani. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko ya ambaci kashe kansa, wurinsa za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a Nijar, shi ya sa malaman jinya da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa ke ɗauke da yawancin aikin.

Masanin halayyar ɗan Adam kuwa ba ya rubuta magani, kuma a nan ne nake ganin muna zaluntarsa. Majinyaci ya zauna da shi kusan sa'a guda, ya fito hannu rabbana, sai dangi su ce ai hira kawai aka sha. Alhali tattaunawar tana da tsari. Ɗaya daga hanyoyinta, wadda Aaron Beck ya tsara a Amurka cikin shekarun 1960, tana koya wa mutum ya gane tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya auna shi da zahiri, ya sauya yadda yake fuskantarsa. Matar da ta rasa ɗa, ko matashin da ya dawo daga Libiya yana firgita cikin dare, sau da yawa wannan zaman suke bukata, mako bayan mako.

Ciwon damuwa mai tsanani yakan bukaci su biyun tare. Maganinsa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi don an ga majinyaci ya fara dariya, sai likitan da ya rubuta shi ya rage shi sannu a hankali.