Inda na kai da sus4 da sus2 a fiyano

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Tunda aka gama yankan dawa a nan gefen Ringim muka samu sarari, na duƙufa a kan kod ɗin nan da ake rubutawa sus4 da sus2. Kod dai sautuka ne da ake dannawa tare, sus kuma gajarcewar suspended ce, wato wanda aka bari a rataye.

Wanda ya iya C manjo ya riga ya ci rabin aikin. Da hannun dama, babban yatsa a kan C, na tsakiya a kan E, ƙaramin a kan G. To ka ɗage na tsakiyan ka sauke yatsan zobe a kan F, ka samu Csus4 ke nan. In kuma manuni ka sauke a kan D, ya zama Csus2. Babba da ƙarami ba sa ko motsi. Wannan E da aka cire shi ke nuna ko kod manjo ne ko maino, saboda haka da ya fita sai sautin ya tsaya kamar baƙon da ya yi sallama a zaure yana jiran a amsa. Dabarar ta samo asali ne daga waƙar murya da yawa ta Turai, an kuma yi amfani da ita sosai a ƙarni na 16: murya ɗaya za ta riƙe sautinta bayan sauran sun canja, sannan ta sauko taki ɗaya. Shi ya sa kunne ke jan F ya sauka kan E.

Wahalar tana wajen yatsan zobe. Jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa, da ka danna F sai ka ga ƙaramin ya ɗago daga G yana rawa a sama. Maganin da na gani shi ne rage gudu. Ina sa mitronom, na'urar ƙirga bugu, a kan bugu 60 a minti, bugu huɗu a kan sus4, huɗu a kan manjo, ba na ƙara gudu sai sautukan uku sun sauka lokaci guda. Da hunturun nan yatsu na tsagewa, man kaɗanya na taimakawa, amma a goge hannu kafin a taɓa maɓallai, in ba haka ba ƙura ta samu wurin zama.

Abin da ya fi ɗauke min hankali ba ya cikin darasin da na fara da shi. Ku duba Csus2: C, D, G. Ku juya shi ku fara daga G, ya zama G, C, D, wato Gsus4. Sautuka ɗaya ne, bas, wato sautin ƙasa na hannun hagu, shi ne kawai ke yanke hukuncin sunan. Yanzu ku tuna waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya, in aka ɗora su a C sai su zama C, D, E, G, A. A cikin biyar ɗin nan cikakken kod biyu kacal za ka iya haɗawa, C manjo da A maino. Amma sus, har shida za ka fitar daga kamu uku: C-D-G, sai G-A-D, sai D-E-A, kowanne da suna biyu.

Na gwada da wata waƙar daka da matan gidanmu ke rerawa. Da na sa mata G manjo a ƙasa, B ɗin nan ya fito zuru, don waƙar ba ta san shi ba, nan take ta koma kamar ta wata ƙasa. Da na mayar da shi Gsus4 sai ta zauna daram. Littattafan koyo suna cewa a warware sus ya koma manjo, kuma a irin kiɗan da aka rubuta su dominsa gaskiyarsu ne. A namu kuwa ni dai barinsa nake yi a tsaye, ban ji kunnena ya nemi komai ba. Mai shakka ya gwada a baƙaƙen maɓallai, su ma sautuka biyar ne. Ka riƙe F#, G#, C# da hagu, ka yi yawo da dama a kan baƙaƙen kawai, da wuya ka ji karo.

Masu feda, abin takawa da ke riƙe sauti, ku kula, in za ku sauko daga F zuwa E ku ɗaga ƙafa, don rabin taki ne tsakaninsu, in suka haɗu sai sautin ya dagule. Tawa Yamaha PSR ce mai maɓalli 61, da batir shida nake kunna ta in solar ta yi sanyi, kuma allonta na rubuta Csus4 in na kama daidai, abin da ke rage min gardama da kaina.

Wanda nake kai yanzu shi ne B♭sus4, wato B♭, E♭, F, baƙi biyu da fari ɗaya. Dole hannu ya shige ciki sosai kafin ƙaramin yatsa ya samu F. Wanda ya wuce wurin nan ya faɗa min da wane yatsa yake kama B♭ ɗin.