Shata Iyakar Teku Daga Kaduna

Ban taɓa ganin teku da idona ba. Babban ruwan da na sani shi ne Kogin Kaduna, wanda nake tsallakawa ta kan gada kusan kullum, amma duk da haka yau wajen shekara guda ke nan ina ba da daren Asabar ga aikin sa-kai na gyara iyakokin yankunan da aka keɓe don kare halittun teku a taswirar OpenStreetMap. Ranar da kawuna ya leƙo kwamfutata ya ga shuɗi zalla a allo, sai ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗan nan, me ya haɗa kifi da kaska?" Na ce masa, "Kawu, ai ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu Kogin Neja yake faɗawa, Neja kuma a Tekun Atilantika yake ƙarewa." Bai gamsu ba, amma ya bar ni.

Wani Baturen Ingila mai suna Steve Coast ne ya kafa wannan taswira a 2004, kuma kowa yana iya yin rajista ya gyara ta kyauta. Na fara ne da zana layuka da gidaje a Rigasa, aikin da ba shi da wuya, domin hoton tauraron ɗan'adam yana nuna rufin kwano da lungu da kwata ƙarara. Teku ba haka yake ba. Babu katanga, babu turke, babu bishiyar da za a ce daga nan ne iyaka ta fara. Iyakar keɓaɓɓen yanki a teku tana cikin takardar doka ne kawai, a matsayin jerin lambobi na digiri da minti da ke nuna inda wuri yake a doron ƙasa, kuma sai wani ya zauna ya mayar da lambobin nan layi kafin matuƙin jirgi ko masunci ko jami'in sintiri ya san ko yana ciki ko yana waje. Mu da muka san rigimar da ake yi a kan burtali idan alamarsa ta ɓace, ba ma bukatar dogon bayani a kan abin da rashin iyaka tabbatacciya ke haifarwa.

A watan Disamba na 2022 ƙasashen duniya suka amince a taron da aka yi a Kanada cewa za su kare kashi 30 cikin 100 na tudu da na teku kafin 2030, alhali abin da aka keɓe a teku zuwa 2024 bai wuce kimanin kashi 8 ba. Gabon ta ayyana yankuna 20 a 2017, waɗanda suka kai kimanin kashi 26 na ruwanta. Senegal ta keɓe guda biyar tun 2004, ciki har da na Joal-Fadiouth, wato yankin garin da aka haifi Senghor, shugaban ƙasar na farko. Akwai babban kundin duniya na irin waɗannan wurare da ake kira Protected Planet, sai dai sharuɗɗan amfani da shi ba su yarda a kwafe shi zuwa OpenStreetMap ba, kamar yadda ba a yarda a kwafi taswirar Google ba. Saboda haka dole ɗan sa-kai ya koma ga dokar da gwamnati ta buga da kanta, wadda sau da yawa da Faransanci take, kuma tsohon hoton takarda ne da lambobinsa suka dusashe.

A nan ne na sha kunyata ta farko. Ina aiki a kan wani yanki na gaɓar Senegal, sai na manta cewa duk abin da ke yamma da layin Girinwic, wato layin da ake fara ƙirga digirin gabas da yamma daga kansa, ana sa masa alamar ɗebewa a gaban lamba. Da na danna, sai ga gidan kunkurun teku ya bayyana a cikin yashin Chadi, gabas da Tafkin Chadi. Wannan kuskure yana da sauƙin ganewa, har dariya ya ba ni. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na minti: digiri ɗaya minti 60 ne, don haka minti 30 rabin digiri ne, wato 0.50, amma ni na rubuta 0.30. Da yake digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kimanin kilomita 111, layina ya goce da kilomita 22, kuma tunda ruwa ne ta kowane ɓangare, babu abin da ya nuna mini. Wani ɗan sa-kai da ban taɓa gani ba ne ya turo mini saƙo cikin ladabi bayan kwana biyu, na gyara.

Tun daga lokacin nake tunanin waɗanda layin ke shafa. A Banc d'Arguin ta Muritaniya, wadda aka keɓe a 1976, masuntan Imraguen ne kaɗai aka yarda su yi su a ciki, kuma da jiragen da iska ke turawa, ba masu inji ba. Idan taswira ta nuna wurin a matsayin inda aka hana kamun kifi baki ɗaya, an zalunci mutanen da suka gaji sana'ar nan daga kakanninsu, idan kuma aka taƙaita iyakar, an buɗe wa manyan jiragen su ƙofa. Shi ya sa zana layin ba shi ne rabin aikin ba ma. Sauran shi ne rubuta sunan hukumar da ke kula da wurin, da matakin kariyarsa, da takardar da aka samo lambobin, domin mai zuwa daga baya ya iya bin sawu. A ra'ayina, ɗan sa-kai da ya bar wuri babu komai saboda bai samu dokar ba ya fi wanda ya cike shi da kintace amfani.

Ban ruɗi kaina da cewa layi a kwamfuta yana korar jirgin ɓarayin kifi ba, wannan aikin masu sintiri ne. Sai dai tun 2016 shafin Global Fishing Watch yake nuna zirga-zirgar manyan jiragen su ta hanyar siginar da suke fitarwa, kuma ganin jirgi a allo ba ya zama hujja sai an san daidai inda iyaka take. Asabar mai zuwa, idan an kawo wuta, zan koma kan tsibiran Bijagos na Gini Bisau, inda kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai a tsibirin Poilao, kuma takardun can da harshen Fotugal suke.