Godiya ga iyayen da suka zo suka koyi maganar hannu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taron da muka yi a makarantarmu ta kurame ranar 23 ga Satumba ya tashi lafiya, baƙi sun koma gidajensu lafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware wannan rana a 2017 domin harsunan maganar hannu, mu kuma muka ga babu ranar da ta fi ta dacewa da yaye iyayen da suka yi ajin koyon maganar hannu na ranar Asabar. Ni malama ce a ajin ƙananan yara, kuma akwai nauyin godiya a kaina da nake so in sauke a bainar jama'a.

Da iyaye zan fara, domin taron nasu ne. Uwaye sun riƙa zuwa da goyo a baya, wasu daga ƙauye, da kuɗin motar da suka tsakuro daga cefane. Magidanta sun bar rumfunansu da safiyar Asabar sun zauna a bencin yara suna lanƙwasa yatsu, suna kuskure, 'ya'yansu na gyara musu. Baba, Inna, Allah ya saka muku da alheri. Na san abin da kuka haɗiye kafin ku zauna a gaban ɗan cikinku a matsayin ɗalibai.

Wanda bai san aikin nan ba zai ce mene ne abin taro a ciki. Da yawa cikin yaranmu da jinsu aka haife su. Sanƙarau ne ya kama su a lokacin zafi, ko ƙyanda, zazzaɓi ya sauka, yaro ya tashi, ji ya tafi. Daga nan sai gida ya koma yi masa nuni uku: zo, tafi, ci. Ana son sa, ana ciyar da shi, amma babu mai hira da shi. Yakan zo mana yana da shekara takwas ko tara bai san kowane abu yana da suna ba, bai ma san shi kansa yana da suna ba. Kafin a kai ga baƙi da wasali, daga nan muke farawa. Mukan jera kujeru rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa, mu tsaya inda haske zai faɗa a fuskarmu, domin ɗaga gira kaɗai yakan mai da magana tambaya. Ba ma bayani muna fuskantar allo. Duk wannan mukan yi shi daga safe zuwa azahar, sannan yaro ya koma gidan da babu mai amsa masa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, kuma shi ku iyaye kuka kawar.

Wata uwa ta gaya mini a wurin taron cewa ta kai ɗanta asibiti, ita da kanta ta faɗa wa likita inda ke masa ciwo da ranar da ya fara, domin yaron ne ya gaya mata. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, amma har yau kurma yakan shiga asibiti bai tarar da mai fassara ba. Kafin a kai can, uwa ce mai fassarar ɗanta.

Godiya ta musamman ga dattawan kurame na garin nan. Harshen da muke koyarwa a aji ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster, baƙar fata kuma kurma, ya shigo da shi lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma Hausawa suna da tasu maganar hannun, wadda ake ciniki da ita a kasuwa, ake hira da ita a majalisa. Dattawan nan su suka koya wa iyaye ita, ba su karɓi ko sisi ba. A ganina bai kamata ta makaranta ta kori ta gida ba, yaro yana buƙatar duka biyun.

Abokan aikina, waɗanda suka yi karatun fannin a kwalejin Oyo da Jami'ar Jos da waɗanda aikin ne ya koyar da su, musamman malamanmu kurame, sannunku da ƙoƙari. Mai fassarar da ya tsaya tun safe har aka tashi, Allah ya huta gajiya. Na gode wa ma'aikaciyar lafiyar da ta yi bayanin rigakafi da haɗarin barin kunne yana zubar da ruwa ba a kai yaro asibiti ba. Na gode wa mai unguwa, da liman da ya amince a riƙa fassara wa kurame huɗubar Juma'a, da waɗanda suka kawo rumfa da kujeru da ruwan sha, da bawan Allahn da ya sayo batiran na'urar ji ya ce kada a ambace shi.

Ajin Asabar zai ci gaba bayan hutu, kuma kyauta ne. Wannan karon ku taho da yayye da ƙanne, domin su ne abokan wasan yaran a tsakar gida. Allah ya raya mana su, ya bar zumunci.