"Ɗanki Yana Jin Magana?"

Tambaya ta huɗu a takardar bincikena ita ce ta fara ba ni kunya. Da Faransanci na tsara ta, na mayar da ita Hausa a daren da zan fara shiga gidaje, har ina yaba kaina don ta fito gajera: "Ɗanki yana jin magana?"

Matar farko na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan? Ai ba ya ji ko kaɗan, 'yar nan. Kunnen ƙashi gare shi, ubansa ma ya gaji." Na ɗora biro na yi alama a gurbin masu matsalar ji. Kafin la'asar na shiga gida shida a unguwarmu ta Hausawa a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma bisa takardata kusan duk ɗa namiji kurma ne, 'yan mata kuwa ras suke. A zauren gida na shida, ina neman takalmina, abin ya faɗo mini. Ni da aka haifa cikin Hausa na manta cewa "ji" a bakinmu ba aikin kunne kaɗai ba ne. Muna jin yunwa, muna jin Larabci, muna jin ƙamshi, yaro kuma yana jin magana idan an aike shi ya tafi. Na je awon kunne na dawo da awon tarbiyya.

Lokacin ina shekarar ƙarshe, ina rubuta kundin kammala karatu a kan jin yaran firamare. Malamin da ke duba aikina likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, mutumin kudu, Fulatancinsa na cinikin kasuwa, Hausa kuwa bai wuce "sannu" ba. Shi ya tura ni wannan fagen. Ya ajiye mini rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2021 a kan ji, inda aka ce sama da mutum biliyan 1.5 a duniya jinsu ya ragu, miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar kulawa, miliyan 34 kuma yara ne. A ƙasashe marasa ƙarfi, kashi 93 cikin 100 ba su da masanin awon ji ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa. Na haddace waɗannan alƙaluma tsaf, na cika gabatarwar kundina da su. Ina tsammanin aikina shi ne in samo namu adadin in jera a ƙasa.

Da na ba shi labarin tambaya ta huɗu ya yi dariya har da cire gilashi. Sannan ya sa na sake rubuta takardar duka, ba da fassara ba, da zama wurin mahaifiyata da maƙwabtanta ina tambayarsu yadda su suke gane yaron da kunnensa bai da lafiya. Daga bakinsu tambayoyin kirki suka fito. Idan kin kira shi daga bayansa, yana waiwayowa? Idan babur ɗin babansa ya tsaya a ƙofar gida, yana rigan sauran fita ko sai ya ga sun ruga? Yana kallon bakinki idan kina magana? Kalmar "kurma" kuwa na cire ta gaba ɗaya, don daga an ambace ta fuska ke sauyawa, hira ta mutu.

Haka ma tambayar sanƙarau. Muna cikin yankin nan da cutar ke yawo daga Sanagal har Habasha, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe jin yaro bayan ya tashi daga jinya. A 2011 aka kawo rigakafin MenAfriVac arewacin Kamaru da Chadi, ya karya lagon nau'in A, amma sauran nau'o'in suna nan. Uwa ba lallai ta riƙe sunan da aka faɗa mata a asibiti ba. Amma ta san shekarar da yaron ya yi zazzaɓi mai zafi cikin bazara, wuyansa ya ƙage, aka kwantar da su kwana da kwanaki ana allura. Daga nan sai ka bi zaren: ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, da wasu magunguna irin su kinin da jentamisin waɗanda ke ceton rai amma su kan taɓa kunne.

Wannan duk sauƙi ne a kan abin da ya same ni a makaranta.

Na'urar awon ji da aka ara mini ƙaramar akwati ce mai abin sawa a kunne. Tana fitar da siririn amo a matakai, mu kuma muna gwada 500 da 1000 da 2000 da 4000 Hz (ma'aunin kaifin amo, daga mai kauri zuwa mai kaifi), yaro ya ɗaga hannu idan ya ji. Lafiyayyen kunne yana kama amon da ƙarfinsa bai kai desibel 20 ba, wato ƙasa da raɗa. Aka ba ni ofishin shugaban makaranta, rufin kwano, taga babu gilashi. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura 40, ga 'yan ajin SIL, wato ajin farko na firamare, a maƙwabta suna rera haruffa da iya ƙarfinsu, ga injin niƙa a tsallaken titi, ga masu babur. Na yi kwana uku ina awo. Yaran da suka faɗi sun yi yawa har na fara jin wani irin daɗi marar kyau, irin na ɗalibar da ke ganin ta gano abin da zai girgiza masu jarrabawa.

Malamin ya duba takardun bai yi minti biyu ba ya ce, "'Yata, duk a 500 suka faɗi. Kin gwada kunnenki a ɗakin?"

Na ce, "A'a, Farfesa."

"Je ki gwada."

Na koma na sa abin a kunnena, ni ma na faɗi. Ƙugin inji da na babur a ƙananan matakan amo yake zaune, shi ke binne 500 ɗin. Injin niƙa na auna kwana uku. Muka watsar da sakamakon duka. Daga baya sai na koma zuwa da sassafe ranar Asabar, kafin mai niƙa ya tada inji, kuma kullum kunnena ne na farko a layi. Ya kuma hana ni taɓa na'urar kafin in leƙa kunnen yaro da fitila. Abin da na gani a ciki ya isa kundi guda: dauɗar da ta toshe hanya ƙam, kan tsinken ashana, audugar da ta shekara, har ƙwayar wake. Irin waɗannan yaran wanki suke bukata, ba sunan nakasa ba.

Inda na fi daɗewa, kuma inda har yau zuciyata take, shi ne awon jin kalmomi. Jin siririn amo daban, gane magana daban. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an saba da jerin kalmomin Fournier, waɗanda aka tsara a Faransa tun farkon shekarun 1950, kalmomi masu gaɓa biyu, goma goma. Kana faɗa, mai jinya yana maimaitawa. A ciki akwai "le glaçon" da "le grumeau" da "le rondin". Ka dubi yaro ɗan shekara bakwai da ke Hausa a gida, Fulatanci a titi, Larabci a makarantar allo, Faransancin kuma bara ya fara shi, ka ce ya maimaita "le grumeau". Zai yi shiru ya sunkuyar da kai, ko ya faɗi abin da ya yi kama da shi. Ni kuma in rubuta bai ji ba. Malamin da kansa, wanda ya yi shekaru yana aiki da jerin nan, shi ya ce in tambayi kowane yaro da wane harshe uwarsa ke yi masa faɗa, in gwada shi da wannan.

Sai na ce to, abu mai sauƙi, bari in jero kalmomin Hausa. Na zaɓi gida, ruwa, akuya, makaranta, tuwo. A nan kuma kowa ya ci, har da wata yarinya da na riga na tabbatar ba ta kama 4000 Hz. Na yi mako ina juya abin. Amsar ta zo mini a gidan biki, ina zaune mai kalangu yana wasa wata Hajiya. Kalangu ba shi da "s", ba shi da "f", ba shi da harafi ko ɗaya, amma duk matan wurin sun san abin da yake faɗa, har suna guɗa a daidai gurbin. Hawa da saukar murya kawai yake bi, da tsawo da gajarta. Hausa kuwa a kan waɗannan take tafiya. Garin da ake zama da garin da ake tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kura da ƙura ba harafin farko kaɗai ya bambanta su ba, karin muryarsu ma daban ne. To karin murya da wasula a ƙananan matakan amo suke, su ne na ƙarshen ɓacewa. Baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "f" da "ts" a sama suke, su ne sukan fara tafiya. Yarinyar nan tana jin kiɗan kalmar, ta cike sauran da ka. A gida, inda maganar ba ta wuce "kawo ruwa" da "rufe ƙofa" ba, ba mai ganewa. A aji, cikin harshen da ba ta san kiɗansa ba, sai a ce daƙiƙiya ce. Shi ya sa iyaye ke cewa, "Tana ji mana, in ta ga dama."

Dole na koma neman kalmomin da kiɗansu ɗaya, baƙi kaɗai ya raba su. Ci, ji, bi, fi, ƙi. Kai, rai, mai. Aiki ne mai cin rai, don rubutunmu na boko ba ya nuna kari ko tsawo, sai ka furta ka saurara, ka sake furtawa. Malamina ba ya jin bambancin ko kaɗan, ya kuma faɗa ba tare da jin nauyi ba. Ya haɗa ni da wani malamin sashen harsuna, muka riƙa zama mu uku, likita yana bayanin matakan amo, masanin harshe yana sa alamar kari, ni ina furtawa kamar mai koyon tilawa. A nan na ga abin da ake nufi da malami mai duba bincike. A da ina ɗauka mai gyara kuskuren rubutu ne da sa hannu.

Masanin harshen ne ma ya cece ni daga wani ramin. Na riga na ware yara da dama a matsayin masu tsamin baki saboda suna cewa "kafa" maimakon "ƙafa", "sami" maimakon "tsami". Ya ce in je in saurari iyayensu mata tukuna. Da yawa haka uwar ke faɗa, haka kakar ke faɗa. Fulatanci ba shi da "ƙ" da "ts", kuma Hausar da ta daɗe tana maƙwabtaka da shi a wasu gidaje ta sauke su. Wannan Hausar gidansu ce, ba ciwo ba. Da na bi ma'aunin Hausar Kano da na tura rabin unguwa wurin gyaran magana, alhali mai i'ina na gaske da yaron da harshensa ya maƙale saboda ba ya ji suna nan a gefe.

Akwai yaro guda da ba na mantawa. A bencin ƙarshe yake zama, ya maimaita aji, a makarantar allo kuma bulala ta san bayansa. Kunnensa na dama yana zubar da ruwa tun yana goye, dodon kunnen ya huje, na hagun ma ba lafiya lau ba. A gida an ɗauki ruwan kunnen abin da yaro ke yi ya bari, akan ɗiga masa mai ko ruwan albasa. Na je na yi wa kakarsa bayani dalla-dalla, har da zanen awon. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To jikata, kin auna, kin gano. Sai kuma me?"

Ban da amsa. A tsarin bincikena babu "sai kuma me". Akwai adadi, akwai jadawali, akwai ranar kare kundi. Na'urar ƙara ji kuɗinta ya fi ƙarfin gidan, ga batir, ga rashin mai gyara a kusa, kuma kunnen da ke zuba ma sai ya bushe kafin a yi zancenta. Na ce, "Goggo, ki ba ni zuwa jibi." Na koma wurin malamina ina tsammanin zai ce wannan ba hurumin ɗaliba ba ne. Sai ya ce daga yau duk yaron da ya faɗi awo, kafin sunansa ya shiga lissafi, sai an rubuta masa takardar zuwa asibiti, kuma a koma a ga ko ya je. Wannan ya cinye mini wata guda, yawan yaran da na yi niyyar aunawa ya ragu sosai, ranar kare kundi kuma wani daga cikin masu jarrabawa ya caccake ni a kan ƙarancinsu. Yana da gaskiyarsa. Ban yi nadama ba.

Yaron dai an koya wa kakar yadda za ta riƙa tsane kunnen da tsaftatacciyar auduga, a hana ruwa shiga, aka ba shi maganin ɗigawa. Malamin ajinsu ya dawo da shi bencin gaba, kunnen hagu wajen allo, ya kuma daina magana yana fuskantar bango. Malamin allo sai da na tura yayana ya same shi bayan magariba, don ba ni ce zan je in ce wa alaramma ya ajiye bulala ba.

Jerin kalmomin ban gama shi ba. Na kai wani mizani, na naɗi abin da ya samu da muryata a ɗakin mahaifiyata, ƙarfe biyun dare, na jingina katifu biyu a bango, na kashe fanka ina zufa, ina jiran karnukan unguwa su yi shiru tsakanin "ci" da "ji". Malamina ya karɓi naɗin ya miƙa wa wata ɗaliba da ke bayana, Bafulatana daga Marwa, ya ce ta gwada shi a kan manya masu lafiyayyen kunne, sannan ta fara na Fulatanci. Makon jiya ta aiko mini da saƙo a WhatsApp cewa a kalma ta tara ana jin zakara.