Lumazin sintes: ƙwallon furotin da ke haɗa bitamin B2

Ɗalibin bayokemistiri a Jami'ar Jos da ke neman furotin ɗaya da zai koyi karanta siffa da shi, shawarata ya ɗauki lumazin sintes. Wannan enzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, ke yin matakin dab da na ƙarshe wajen haɗa ribofilabin, wato bitamin B2, a cikin bakteriya da yis da tsirrai. Jikin mutum ba shi da shi, shi ya sa muke neman bitamin ɗin a nono da ƙwai da hanta, kuma ƙarancinsa kan tsattsage gefen baki.

Aikinsa haɗa abu biyu ne: wani sinadari mai zobe da ya fito daga GTP (ɗaya daga cikin tubalan ginin RNA), da wani mai kabon huɗu da ya fito daga sukarin ribulos 5-fosfet. Abin da ke fitowa shi ne lumazin. Daga nan wani enzayim, ribofilabin sintes, ya ɗauki lumazin biyu ya fitar da ribofilabin ɗaya, ragowar ta koma a sake aiki da ita.

A ginin lumazin sintes ne abin sha'awar yake. Kowane ɓangare ƙarami ne, amino asid wajen 150, faifai mai zare huɗu a tsakiya, murɗaɗɗun sanduna sun rufe shi ta gefe biyu. Ɓangare ɗaya shi kaɗai ba ya aikin komai, domin gurbin aikin, inda sinadaran biyu ke haɗuwa, yana tsakanin ɓangarori biyu maƙwabta ne. Sai biyar sun haɗu sun yi zobe, sannan a samu gurbi biyar. A yis da ƙwayar tarin fuka, nan ginin ya tsaya. A bakteriyar Brucella, mai jawo bakkale da ɓarin ciki a shanu, cutar da makiyayan Filato da likitocin dabbobi na Vom suka sani sarai, akwai nau'in da zobe biyu ke haɗuwa su ba da goma. A bakteriyar Bacillus subtilis kuwa zobe 12 ne ke rufewa su zama dunƙule mai ɓangare 60, kamar ƙwallon ƙafa da aka ɗinka da faci mai kusurwa biyar zalla, kuma ribofilabin sintes mai ɓangare uku yana zaune a cikinsa. Rudolf Ladenstein da Adelbert Bacher da abokan aikinsu a Jamus ne suka fitar da wannan siffa a 1988.

A cikin gurbin, amino asid uku za ka nema; haruffan gajeren sunan kowanne ne, lambar kuma matsayinsa a jerin. Phe22 na kwanciya a kan zoben sinadarin farko ya riƙe shi, Arg127 na kama fosfet ɗin sinadari na biyu, His88 kuma na taimakawa wajen musayar furoton.

Ga inda ɗalibai ke yawan ruɗewa. Idan ka sauke fayil mai lamba 1HQK daga PDB, rumbun siffofin furotin a intanet, wato siffar enzayim ɗin bakteriyar Aquifex aeolicus mai rayuwa a ruwan zafi, zobe ɗaya kawai za ka gani a manhajar duba siffa ta PyMOL, sai ka ɗauka ɓangare biyar ne kawai. Fayil ɗin yanki ɗaya na kiristal ya nuna. Sai ka nemi cikakken ginin sannan 60 ɗin su bayyana, faɗinsu kusan nanomita 15.

A ɗakin gwaji ma akwai tarko. Enzayim ɗin Bacillus yana son ruwan gwaji mai fosfet; a ruwan gwaji na Tris mara fosfet, musamman pH ya haura 7, dunƙulen kan wargaje ya sake haɗuwa ya fi da girma. Sinadarin mai zobe iska na lalata shi, don haka a haɗa sabo. Ana bin fitowar lumazin ta auna hasken da yake sha a tsawon zango nanomita 410, amma sinadaran biyu kan haɗu a hankali ko ba enzayim, saboda haka dole a ajiye kwalba ɗaya mara enzayim a cire abin da ta nuna. A kuma naɗe kwalabe da foyil, haske na cinye ribofilabin.

Tunda mutum ba shi da wannan enzayim, masu bincike na neman maganin da zai toshe gurbin a ƙwayar tarin fuka. Dunƙulen Aquifex kuma, saboda jure zafinsa, an riga an liƙa masa guntun furotin na HIV guda 60 a gwajin wani rigakafin HIV mai suna eOD-GT8.